Wa Zai Ba Da Labarin Hayin Banki?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗansu manya da ma'aikatan Hukuma. Suna cewa wai wayar hannu ta ɓata aikin jarida, kowane tela da kowane mai tura baro ya zama edita, ya ɗauki hoto ya watsa wa duniya ba da iznin kowa ba. Saboda haka, in ji su, ya kamata a ja wa talakawa linzami, a tsananta doka, in ma abin ya yi tsamari a yanke waya ɗungum har ƙura ta lafa. Maganar tana da daɗin ji ga mai zaune cikin ofis. Amma kafin a karɓe ta ya kamata a ɗauke ta a kai ta wata unguwa ta talakawa, a auna ta a can, a ga ko za ta tsaya da ƙafafunta. Unguwar da ta dace da wannan awo ita ce Hayin Banki.

Hayin Banki tana arewacin birnin Kaduna, maƙwabciyar Kawo, inda motocin Zariya da Kano ke lodi. Mazaɓa ce guda daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, watau tana da kansilanta, ana kuwa ƙidaya ƙuri'unta duk ranar zaɓe. Mazaunanta galibi masu neman na yau ne: 'yan tireda, da direbobi, da makanikai, da leburori, da malaman makaranta, da ƙananan ma'aikata, da mata masu sana'a cikin gida. Daga nan zuwa Majalisar Dokoki a Lugard Hall ba wata tafiya ba ce. Amma wanda ya bi tsofaffin jaridu yana neman sunan unguwa irin wannan, lokaci biyu zai fi samunsa: ranar da aka zub da jini, da ranar da 'yan siyasa suka zo neman ƙuri'a. Sauran kwanakin shekara, da lambatu ya toshe, da rufin aji ya yaye, da famfo ya ƙafe, ba mai rubutawa.

Abin mamaki kuwa, Kaduna ba ta taɓa rasa kafofin labari ba. Tun 1917 ta zama hedkwatar Arewa. A 1962 aka buɗe gidan Rediyon Kaduna, wanda muryarsa ta kai har Nijar da Kamaru. A ranar 1 ga Janairu 1966 jaridar New Nigerian ta fara fitowa a cikin garin. Kafin su duka, tun Janairu 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa daga Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, masu karatu suna aiko da wasiƙu daga ko'ina. Waɗannan duka sun yi aiki, ba mai musun haka. Sai dai jarida shafinta ƙididdigagge ne, wakilanta kaɗan ne, kuma inda manya suke nan wakili yake kwana, gama nan ne labarin da edita zai buga yake. Talakan da ke son a ji kukansa sai ya sami mai rubuta masa wasiƙa, ya sayi kan sarki, ya jira mako biyu ko uku, sa'an nan watakila a buga, watakila a jefa kwandon shara.

Wayar tangaraho ma ba ta talaka ba ce. Har zuwa shekarar 2000 layukan waya na ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, alhali mutanen ƙasa sun haura miliyan 100. A Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, cikin Agusta na shekarar kuma MTN da Econet suka fara aiki. Da farko layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Da Glo ya shigo a 2003 ya fara lissafin kira da daƙiƙa, sai farashi ya karye. Sannu a hankali waya ta sami kyamara, ta sami intanet, ta sami saƙon murya. Wannan na ƙarshe shi ne babban abu ga unguwa irin Hayin Banki, domin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya danna waya ta faɗi abin da idonta ya gani da Hausarta, jikanta ya tura, a ji a Abuja kafin la'asar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, yanzu kuwa ya sami hanyar faɗa.

To, mene ne hujjar masu son a rufe wannan hanya? Babbar hujjarsu ita ce jita-jita. Lalle akwai ta, ba kuwa ƙarama ba ce. Kowa ya tuna daren nan na Agusta 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Ikko, aka yi ta buga waya ana ta da mutane daga barci wai su yi wanka da ruwan gishiri su sha. Cutar ba ta ko iso Kaduna ba, amma gishirin ya kwantar da mutane da dama a asibiti a ƙasar nan, waɗansu ma suka rasu. A rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya ci fiye da mutum 800 a jihohin Arewa, mafi yawansu a Jihar Kaduna, saƙonnin tsoratarwa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya. A 2018 kuma 'yan sandan Filato sun koka cewa hotunan ƙarya da aka watsa a Facebook, waɗansu ma ba a Nijeriya aka ɗauke su ba, sun ƙara wa wutar rikici mai. Duk wanda ya ce waya ba ta da illa, bai faɗi gaskiya ba.

Amma mai karatu ya dubi shekarun nan da kyau. Rikici mafi muni da birnin Kaduna ya taɓa gani ya fara ran 21 ga Fabrairu 2000. Fiye da mutum 1,000 suka hallaka, garin ya tsage biyu, Musulmi da yawa suka ƙaura zuwa arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu, maƙwabtan shekara talatin suka rabu. A ran nan ba talaka ko ɗaya da ke da wayar hannu a Hayin Banki, gama ba a ko yi gwanjon lasisin ba tukuna. Da baki jita-jita ta yi tafiya, daga lungu zuwa lungu, ba mai hanyar bugawa ya tambayi ɗan'uwansa a Kakuri ko abin da aka faɗa gaskiya ne. Sai kuma Nuwamba 2002, rikicin gasar sarauniyar kyau, inda fiye da mutum 200 suka mutu. Abin da ya kunna wannan wuta rubutu ne da ya fito cikin ThisDay ran 16 ga watan, babbar jarida mai editoci da masu digiri. A lokacin ba a ƙirƙiro Facebook ba, sai 2004. Ashe ke nan ƙarya da ganganci sun girmi wayar hannu, kuma katin shaidar aikin jarida bai hana mai shi yin ɓarna ba.

Hujja ta biyu ita ce wai talaka bai koyi aikin ba. Gaskiya ne bai koya ba. Amma akwai abu guda da yake da shi wanda ɗan jarida ba ya da shi, watau yana wurin sa'ad da abin ya faru. A daren Lahadi 3 ga Disamba 2023 jirgin soja marar matuƙi ya saki bom kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, ba nisa da Kaduna. Ba wakilin jarida ko ɗaya a ƙauyen a daren nan. Kafin a yi wata sanarwa, hotuna da muryoyin mutanen wurin sun riga sun cika wayoyi. Rundunar sojan sama ta ce ba ita ba ce, ta ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, Hukumar Agajin Gaggawa ta ce an binne mutum 85, Hafsan Sojan Ƙasa Laftanar Janar Taoreed Lagbaja ya je ƙauyen da kansa ya ba da haƙuri. Gani ya kori ji. Wanda ya ce bai kamata mutanen Tudun Biri su ɗauki hoto ba don ba su da takardar shaidar koyon jarida, sai ya faɗi wanda ya so ya ɗauka a madadinsu.

Haka abin yake a sauran duniya. A Amurka, ran 25 ga Mayu 2020, yarinya ce 'yar shekara 17, Darnella Frazier, ta tsaya bakin titi a Minneapolis ta ɗauki bidiyon ɗan sandan da ya danne wuyan George Floyd har ya mutu. Sanarwar farko ta 'yan sanda ba ta ambaci dannewar ba. Bidiyon yarinyar ya shiga cikin shaidar da ta kai ɗan sandan kurkuku, a 2021 kuma masu ba da kyautar Pulitzer, wadda ita ce babbar lambar aikin jarida a can, suka karrama ta. Manyan 'yan jaridar Amurka ba su ce ta shiga gonar da ba tata ba.

An kuwa riga an gwada maganin da manyan nan ke so, an ga ƙarshensa. A Yuni 2021 Gwamnatin Tarayya ta toshe Twitter, ba ta buɗe ba sai Janairu 2022. Masu hali suka bi ta bayan gida da wata dabara suka ci gaba da rubutunsu, ƙananan 'yan kasuwa masu tallan kaya a can suka yi asara. A ƙarshen Satumba 2021 kuma Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka yanke sadarwa a waɗansu sassan jihar don yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara a farkon watan. Niyyar mai kyau ce. Amma wayar da ɗan bindiga ke neman kuɗin fansa da ita, ita ce wadda manomi ke kiran agaji da ita, ita ce wadda miji ke kiran mota da ita in matarsa tana naƙuda, ita ce kuma wadda ɗan tireda a Kawo ke aika wa mahaifiyarsa kuɗi ƙauye da ita. Kafin Nuwamba ya ƙare Gwamnati da kanta ta sa aka mai da sadarwar. An sayar da kare an sayi biri, tsugune bai ƙare ba.

Sai batun doka. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi. Kowane mutum aka ce, ba a ware masu albashin jarida ba. Amma a 2015 aka kafa dokar laifuffukan intanet, sashenta na 24 ya sa ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon da aka ce na cin mutunci ne ko na ɓata rai. Wane babba ne ba ya jin ɓacin rai in an nuna masa aikin da ya karɓi kuɗinsa bai yi ba? A Nuwamba 2021 aka kama ɗan jarida Luka Binniyat a Kaduna da wannan doka, ya yi kusan wata 3 a tsare kafin ya sami beli. Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana, a 2024 aka yi masa gyara aka rage faɗinsa, amma kamen bai tsaya ba. A farkon Agusta 2019 waɗansu mutane suka ɗauke Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a mai yawan sukar masu mulki a Twitter, daga gidansa a Barnawa, shekaru suka wuce iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba. In haka ta sami malamin jami'a da ɗan jarida mai lauyoyi, me makanike a Hayin Banki zai ji a ransa in ya ɗaga waya zai ɗauki hoton asibitin da ba magani? Wanda aka yi wa ƙazafi yana da kotu, ya kai ƙara a nemi shaida. Aika 'yan sanda su ɗauko mutum da dare don ya nuna rami a titi, wannan tsoratarwa ce, komai sunan da aka ba ta.

Akwai kuma wani linzami da ba a rubuta cikin doka ba, shi ne tsada. Waya ba ta magana sai da caji, caji kuwa sai da wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai shagon caji da ke ta da janareta ya ƙara kuɗi, tilas. A Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, sauran layuka kuwa aka bar su da abin da ya samu. A Oktoba 2024 manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, Kaduna da Kano da sauran jihohi suka kwana fiye da mako cikin duhu. A Janairu 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Bidiyo na minti ɗaya yana cin data fiye da wasiƙa mai shafi ɗari. Magidancin da ya tashi da safe yana lissafin garin tuwo, in ya zaɓa tsakanin mudu da data, mudu zai zaɓa, ba kuwa mai ganin laifinsa. Ta haka labarin unguwarsa yake mutuwa cikin wayarsa ba wanda ya hana shi magana.

Waɗansu ƙasashe sun nuna cewa akwai hanyar da ta fi toshewa. Kibera unguwar talakawa ce babba a Nairobi ta ƙasar Kenya, wadda taswira ta bari fili fari kamar ba kowa. A 2009 samarin unguwar suka koyi aikin taswira, suka bi lungu lungu suka sa famfuna da makarantu da asibitoci da makewayi a kanta, daga baya suka kafa hanyar da mazauna ke aiko da labari ta saƙon waya. A Indiya, cikin jihar Chhattisgarh, wani ɗan jarida mai suna Shubhranshu Choudhary ya kafa CGNet Swara a 2010. Mutumin ƙauye ya buga lamba ya faɗi damuwarsa da harshensa, waɗansu horarru su saurara su bincika, sa'an nan a saki saƙon kowa ya ji, a kuma nemi ma'aikacin da abin ya shafa. A gida ma, a 2012 Hamzat Lawal da abokansa suka ɗauki kukan Bagega ta Zamfara, inda gubar dalma ke kashe yara, suka yi ta bugawa a intanet har Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin share garin a farkon 2013. Gwamnatin Kaduna kanta, a zamanin Malam Nasir el-Rufa'i, ta fito da manhajar waya da ta kira Eyes and Ears don jama'a su aiko da hoton ayyukan kwangila. Wanda ya roƙi talaka ya zama idonsa da kunnensa, bai kamata ya ji haushi ba in idon ya ga abin da ba a so.

Abin da ke wuyan Hukuma a bayyane yake. Ta daina yanke sadarwa kan jama'a gaba ɗaya saboda laifin 'yan kaɗan. Ta bar ƙarar ɓata suna ga kotu. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusu musamman don kai waya da intanet inda kamfanoni ba su ga riba ba, to, a tuna cewa unguwar talakawa cikin birni tana iya zama saniyar ware kamar ƙauye, a sa intanet mai sauƙi da wutar rana a makarantun Gwamnati da ɗakunan karatu. Mafi sauƙin duka, ta riƙa ba da amsa. In mutanen unguwa sun nuna taransfoma da ta ƙone wata uku, Shugaban Ƙaramar Hukuma ya fito ya ce ga dalili, ga ranar gyara. Jita-jita ba ta samun wurin zama sai inda Hukuma ta yi shiru. 'Yan jarida masu albashi kuma, maimakon raini, su shiga unguwanni su koya wa samari da 'yan mata abin da suka sani, gama waɗannan su ne wakilan da jaridunsu ba su da kuɗin ɗauka.

Akwai kuma abin da ke wuyan mai waya, musamman wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci, domin shi ne maƙwabta ke miƙa wa waya su ce karanta mana. Magana zarar bunu ce. Kada ya tura abin da bai san asalinsa ba, ko da daga babban amininsa ya zo. In ya ɗauki hoto ya faɗi sunan wurin da ranar, ya rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Kada ya watsa hoton gawa, ko fuskar yaro, ko ta macen da aka ci zarafinta, gama suna da dangi da za su gani. Kada ya ɗora laifin mutum ɗaya kan ƙabilarsa ko addininsa, garin Kaduna ya riga ya biya kuɗin wannan kuskure da rayuka. In ɗan siyasa ya saya masa data don ya zagi abokin hamayya, ya sani ya zama sojan baka, gobe in ya kawo kukan gaskiya ba mai yarda da shi. In labari ya shafi unguwa duka, a haɗu da mai unguwa da limami da fasto da shugabar mata, a nuna wa kansila tukuna, a ajiye kwafi a waya fiye da ɗaya, sa'an nan a fitar da sunan jama'a. Kama mutum ɗaya yana da sauƙi, kama unguwa yana da wuya.

Fiye da shekara ɗari ana ba da labarin Kaduna daga ofisoshi da gidajen manya, mutanen hayi suna saurare. Yanzu da ɗan abin da ke aljihunsu suna iya cewa ga yadda abin yake a wurinmu. Masu cewa a karɓe wayar sai su fara faɗin wakili nawa suka taɓa aikawa Hayin Banki ranar da ba rikici ba zaɓe. In ba su da amsa, su bar mai ɗaki ya nuna inda yake masa yoyo, su kuwa su kawo kwano da ƙusa. Allah ya ba shugabanni kunnen saurare, ya ba talakawa harshen gaskiya, amin.